Mota ko Bas? Nazarin Lamarin Wani Ɗalibin Digiri na Biyu a Nottingham

Ɗalibin da za mu duba lamarinsa ɗan shekara 27 ne. Ya sauka Ingila a tsakiyar Satumba domin karatun digiri na biyu na shekara ɗaya a Jami'ar Nottingham, ya kama ɗaki a Beeston, garin da ke manne da babbar harabar jami'ar. Shi kaɗai ya zo, domin tun daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na zaman aji ba shi da damar taho da iyali a kan bizarsa. Yana riƙe da lasisin tuƙi na ƙasarsu, kuma ya shekara shida yana tuƙi ba tare da haɗari ba.

A wata na biyu ya sami aiki a gidan kula da tsofaffi da ke wani ƙauye mil 9 daga gari. Laraba da Juma'a yana aiki daga ƙarfe 3 na yamma zuwa 9 na dare, Lahadi kuma daga 7 na safe zuwa 2 na rana. Awa 19 ke nan a mako, ƙasa kaɗan da awa 20 da bizar karatu ta yarje wa ɗalibi a lokacin da makaranta ke zama. Bas ɗaya ce ke shiga ƙauyen, sau ɗaya a awa. Ta ƙarshe mai komawa gari tana tashi jim kaɗan bayan ƙarfe 9 na dare, ranar Lahadi kuwa ba ta fara fita sai rana ta ɗaga. Daga nan maganar mota ta taso, abokan aikinsa na ce masa ya nemi 'yar tsohuwa ya huta.

Kuɗaɗen hukuma da dokokin da za a gani a nan na gaske ne. Farashin mota da inshora da tasi kuwa yana sauyawa daga mutum zuwa mutum, don haka mun sa musu adadi na misali, mai karatu ya cire ya sa nasa.

A fara ƙirga tafiye-tafiyen mako

Kafin a taɓa maganar kuɗi, abin da ya kamata ɗalibi ya yi shi ne ya ɗauki takarda ya rubuta duk wata fita da yake yi a mako, da lokacinta, da abin hawan da zai kai shi. Mutane kan tsallake wannan mataki, shi ya sa suke saya wa tafiya ɗaya mota alhali sauran tafiye-tafiyen ba su buƙace ta ba.

Na wannan ɗalibi ga yadda suka fito. Zuwa makaranta da dawowa kwana huɗu, tafiya 8. Zuwa aiki da dawowa, tafiya 6. Cefane da sauran buƙatu cikin gari, kamar tafiya 4. Jimla 18.

Tafiya 8 na makaranta mota ba ta da abin da za ta ƙara musu. Daga Beeston zuwa harabar jami'ar tafiyar ƙafa ba ta kai rabin awa ba. Akwai kuma tiram, jirgin lantarkin nan da ke bin titi, wanda aka buɗe a 2004 aka kuma tsawaita shi a 2015 ya ratsa ta babban asibitin Queen's Medical Centre da jami'ar da Beeston. Jami'ar tana da motocinta na kyauta masu zirga-zirga tsakanin harabobinta. Wanda ya je da mota ma wahala zai jawo wa kansa, domin jami'o'in Birtaniya da yawa ba sa ba ɗalibi izinin ajiye mota a cikin makaranta sai mai lalura ko mai wani uzuri da aka tantance. Nottingham kuwa birni ne da ya daɗe yana matsa wa masu shigowa da mota: tun 2012 hukumar birnin ke karɓar haraji daga manyan ma'aikatu a kan wuraren ajiye motocin ma'aikatansu, kuma da kuɗin aka taimaka wajen tsawaita tiram ɗin.

Cefane ma haka. Mutum ɗaya ne, jaka biyu sun ishe shi, kuma manyan kantuna suna kawo kaya har ƙofar gida a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Saura tafiya 6 na aiki. Uku daga ciki lafiya lau: zuwa ranar Laraba, zuwa ranar Juma'a, da dawowar Lahadi da rana. Biyu suna da haɗari, wato dawowar dare, domin a aikin kula da tsofaffi ba a tashi sai an miƙa wa mai karɓar aiki bayanin kowane mazauni, kuma jinkirin minti goma ya isa bas ta wuce. Ɗaya ce kawai ta gagara gaba ɗaya, zuwan safiyar Lahadi. Ashe cikin tafiya 18, ɗaya ce ke neman mota ido rufe, biyu kuma jefi-jefi.

Lasisin da ke da wa'adi

Wannan shi ne wurin da ɗalibai suka fi yin kuskure, don haka za mu ɗan zauna a kansa.

Wanda ya zo Birtaniya da cikakken lasisin wata ƙasa yana da damar tuƙa ƙaramar mota da shi na wata 12 daga ranar da ya fara zama a ƙasar. Ba daga ranar da ya sayi mota ake ƙirgawa ba, kuma zuwa hutu gida a dawo ba ya mayar da lissafin farko. Takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa da wasu ke biya su karɓo kafin su taso ba ta ƙara ko kwana ɗaya a kan wata 12 ɗin. Akwai jerin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye da na Birtaniya, irin su Kanada, Japan, Afirka ta Kudu da Zimbabwe, amma yawancin ƙasashen Afirka ba sa ciki, kuma ƙasar ɗalibinmu tana cikin waɗanda ba sa ciki. Idan yana son ci gaba da tuƙi bayan Satumba mai zuwa, dole ya ci jarrabawar Birtaniya tun daga tushe.

Matakan uku ne. Na farko lasisin koyo daga DVLA, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi, fam 34 idan ta intanet aka nema. Na biyu jarrabawar kwamfuta, fam 23: tambaya 50 ce, ana neman a ci 43, sai kashi na biyu na hango haɗari a faifan bidiyo inda ake neman maki 44 cikin 75. Na uku gwajin tuƙi a kan titi, fam 62 a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako, kimanin minti 40. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure ɗaya ya isa a faɗi. Kusan rabin masu shiga ne kawai ke ci, kuma tsofaffin direbobi na faɗuwa sosai, ba don ba su iya riƙe sitiyari ba, sai don ɗabi'un da suka saba da su: rashin duba madubi kafin sauya layi, rashin waiwaye kafin tashi daga bakin titi, kusantar motar gaba. Wanda ya yi gwajin da mota mai canza giya da kanta, lasisin irin wannan motar kaɗai zai samu.

Ga inda igiyar take tsuke. Ba a shiga jarrabawar kwamfuta ko ta titi sai mutum ya yi kwana 185 a ƙasar cikin wata 12 da suka gabata. Wanda ya sauka tsakiyar Satumba ba zai cika wannan ba sai tsakiyar Maris. Ba a kama ranar gwajin titi sai an ci na kwamfuta, kuma tun bayan annobar korona jiran samun rana kan kai watanni a yawancin cibiyoyi. Saboda haka ɗalibi na iya yin komai a kan lokaci amma wa'adinsa ya ƙare bai shiga gwajin ba, ko ya shiga sau ɗaya ya faɗi babu sauran lokacin na biyu. Ranar da wata 12 suka cika ya koma ɗan koyo: sai da alamar L ta ɗan koyo a gaba da bayan motar, sai da mai cikakken lasisi na shekara uku wanda ya haura shekara 21 zaune a gefensa. Motar tana ƙofar gida, inshora na ci, amma zuwa aiki shi kaɗai ya haramta.

Ga ɗalibin shekara ɗaya da zai koma gida da zarar ya gama, wannan ba matsala ba ce, wa'adin lasisin da na karatun kusan tare suke ƙarewa. Ga mai niyyar tsayawa aiki da bizar bayan kammala karatu, wadda aka fara bayarwa a 2021, babbar magana ce.

Abin da motar za ta ci

Mu ɗauka ya sami ƙaramar mota mai fetur, 'yar shekara 12 zuwa 14, a kan fam 2,500, zai riƙe ta mako 40 ya sayar a kan fam 1,800 lokacin da yake gaggawar tafiya. Asarar daraja fam 700.

Inshora ita ce ke karya lissafi. Dole ce a doka, kuma kamfanoni suna kallon ɗalibinmu a matsayin sabon direba duk da shekara shidan da ya yi yana tuƙi, domin lasisinsa na waje ne, kuma rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba yawanci ba a lissafa shi idan a wata ƙasa aka tara shi. Unguwar da yake zaune, da ko motar a titi take kwana, da shekarunsa, duk suna shiga farashin. Ba abin mamaki ba ne inshorar shekara ta yi kusa da kuɗin motar ko ta wuce shi. Mu sa fam 2,000. Biya wata-wata bashi ne da ruwa a kai, kuma sabon zuwa ba shi da tarihin bashi a ƙasar, sai a ƙi shi ko a tsawwala masa.

Sai harajin mota. Tun Oktoban 2014 harajin ba ya bin mota idan an sayar da ita, mai saye ne zai biya sabo kafin ya motsa ta, da lambar da ke kan koren yankin takardar mallaka ta V5C. Motocin da aka yi wa rajista tsakanin Maris 2001 da Maris 2017 ana yanke musu harajin ne bisa yawan hayaƙin da suke fitarwa, shi ya sa motoci biyu masu kama da juna kan bambanta da ɗaruruwan fam. A duba kafin a saya. Mu sa fam 190. Gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, MOT, wajibi ne ga duk motar da ta kai shekara uku, kuma mafi tsadar da gareji zai karɓa fam 54.85 ne. Gwajin kansa ba shi ne tsada ba, gyaran da zai tono shi ne. Juyen mai da taya biyu da ƙananan gyare-gyare, fam 400. Izinin ajiye mota a unguwa da rajistar masu jan mota idan ta mutu a hanya, fam 150.

Fetur shi ne mafi sauƙi, duk da shi mutane suka fi lissafawa. Zuwa aiki da dawowa sau uku mil 54 ne, a ƙara sauran yawo a ce mil 80 a mako. Ƙaramar mota kan yi mil 40 da galan ɗaya, galan kuwa lita 4.55 ne. Kimanin lita 9 ke nan. Idan lita fam 1.40 ce, fam 13 a mako, fam 510 a mako 40.

Jimla ta kai kusan fam 4,000, wato fam 100 a kowane mako. Yanzu a ɗora wannan a kan abin da aikin ke kawowa. Mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 ya kasance fam 12.21 a awa a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025, da shi za mu yi lissafi. Awa 19 sun ba da kimanin fam 232. Motar za ta cinye fam 100 daga ciki, wato fiye da awa 8 na aikinsa. Aikin Lahadin da aka sayi motar dominsa awa 7 ne, fam 85. Zai tashi da asuba ya wuni yana ɗaga tsofaffi yana shimfiɗa su, kuɗin wunin duka ba su isa riƙe motar da ta kai shi ba. Kuma kafin taya ta juya sau ɗaya sai ya ajiye kusan fam 4,700 a hannu, daidai lokacin da kashi na biyu na kuɗin makaranta ke tafe.

Wannan lissafi ma na shekarar da babu abin da ya lalace ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A mota mai irin waɗannan shekaru, kuloci kan ƙare, bel ɗin da ke daidaita injin kan tsinke idan ba a sauya shi a kan lokaci ba, kuma idan ya tsinke yakan lalata injin gaba ɗaya. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfen ƙasan mota, tsatsa kuwa tana kayar da mota a gwajin MOT. Ɗaya daga cikin waɗannan kan ci ɗaruruwan fam a zama ɗaya, domin kuɗin aikin makanike a Birtaniya da awa ake lissafa shi.

Lissafin rashin mota

Katin ɗalibi na bas da tiram, mu sa fam 60 a wata, wato fam 15 a mako. Tasi na safiyar Lahadi, wanda aka kama tun daren Asabar, mu sa fam 22. Katin rangwamen jirgin ƙasa na 16-25 Railcard fam 35 ne a shekara tun Maris 2025, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma ɗalibi na cikakken lokaci yana samunsa ko da ya wuce shekara 25 idan makaranta ta tabbatar da shi. Duka-duka fam 38 a mako.

Tazarar fam 62 ce a mako. Ko da bas ta wuce shi a daren Laraba da na Juma'a duka, ya hau tasi sau uku a makon, fam 82 zai kashe, har yanzu bai kai kuɗin mota ba. Sai ya zamana yana hawa tasi sau huɗu a kowane mako kafin lissafin biyu su yi kunnen doki. Wannan adadi, wato tasi nawa ne a mako ke daidai da riƙe mota, shi ne abin da kowane ɗalibi ya kamata ya fitar da nasa. Mutane na jin zafin fam 22 na tasi saboda a take suke miƙa su, ba sa jin fam 50 na inshora a mako saboda an riga an cire su tun farko.

Ba za mu ɓoye wahalar bas ba. A Disamba rana na faɗuwa a Nottingham kafin ƙarfe 4 na yamma. Tsayuwa a tashar ƙauye da ba ta da rumfa, ƙarfe 9 na dare, ruwa na sauka a karkace, yatsu sun sandare har ba sa iya danna waya, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi awa shida a tsaye. Ranar Kirsimeti kusan babu bas ko jirgi da ke aiki, gidajen tsofaffi kuwa ba sa rufewa, kuma tasi na ƙara kuɗi a ranar. Ga mace, tsayuwar dare a wurin da ba kowa magana ce ta tsaro, ba ta jin daɗi kawai ba, kuma ya dace a ba ta nauyinta a lissafin. Amma maganin duk waɗannan shi ne a gyara tafiyar da ta lalace, kuma hanyoyin gyaran suna da yawa.

Mafi sauƙi shi ne ya yi magana da mai tsara jadawalin aiki ya nemi a mayar da Lahadinsa Asabar, ko a sa shi aikin rana. Gidajen kula da tsofaffi na ƙauye sun san matsalar bas, kuma suna fama da ƙarancin ma'aikata, don haka sukan saurara. Na biyu ya nemi abokin aiki mai mota da ke zaune ta wajen Beeston su riƙa tafiya tare yana ba da kuɗin mai. Doka ta yarda da haka matuƙar mai motar ba riba yake ci ba. Na uku, wanda a ganinmu ya fi duka, ya riƙe wannan aikin na 'yan watanni ya sami gogewa da takardar shaida, sannan ya nemi irinsa a kan layin tiram. Keke ba mu ba da shawararsa a nan ba: mil 9 tafiyar kusan minti 50 ce, kuma titunan ƙauye ba su da fitila, motoci na da damar gudun mil 60 a awa a kansu. A cikin gari keke abu ne mai kyau, da farar fitila a gaba da ja a baya kamar yadda doka ta ce. Ƙaramin babur ɗin lantarki na tsaye kuwa, idan na mutum ne ba na haya ba, haramun ne hawansa a titin gwamnati. Idan wata rana ya buƙaci mota domin ƙaura ko ɗaukar baƙo, akwai hayar yini da ƙungiyoyin hayar mota na awa-awa.

Inda ake faɗawa rami

Wasu kan ce motar za ta biya kanta, da yamma a riƙa kai abinci gida-gida ko ɗaukar fasinja ta manhaja. Bizar karatu ta haramta aikin kai da kai, kuma yawancin masu kai abinci ta manhaja a matsayin masu aikin kansu ake ɗaukar su. Wanda ya yi ya karya sharaɗin biza, ko da bai wuce awa 20 ba, kuma hukuncin na iya kaiwa ga soke ta. Amfani da asusun wani ba ya raba mutum da laifin, ƙara masa yake yi.

Sai nau'in inshora. Mafi araha ita ce ta yawo da harkokin gida kawai, ba ta haɗa da zuwa wurin aiki ba. Ɗalibinmu zuwa aiki ne dalilin sayen motar, don haka dole takardarsa ta ambaci zuwa aiki. Idan aikin na bin gidajen tsofaffi ne ɗaya bayan ɗaya, sai ya ƙara da na amfanin sana'a. Wanda ya ɓoye wannan domin ya rage kuɗi, ranar da ya yi karo a hanyar aiki kamfani na iya ƙin biyansa ya kuma soke inshorar, kuma wanda aka taɓa soke wa dole ya riƙa faɗa duk lokacin da ya nemi wata. Haka nan sa sunan wani tsohon mazauni a matsayin babban direba alhali ɗalibin ne ke tuƙa motar kullum zamba ce a doka. Akwai kuma dillalan bogi da ke tallata inshora mai rahusa a WhatsApp da Instagram, sun fi farautar sababbin zuwa. Sukan ba da takardar jabu, ko su yi ta gaske da bayanan ƙarya, ko su soke ta bayan kwana biyu su karɓe kuɗin. Ɗalibi ba zai sani ba sai ranar da kyamarar motar 'yan sanda ta karanta lambarsa. Tuƙi ba inshora tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi a kan lasisi, kuma ana iya kwace motar nan take.

Makin nan suna da nauyi fiye da yadda ake zato. Wuce ƙa'idar gudu mafi ƙanƙanta fam 100 ne da maki 3. Riƙe waya a hannu fam 200 da maki 6. Tayar da zanenta ya gaza milimita 1.6 na iya jawo maki 3 a kan kowace ɗaya. Wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko bayan cin jarrabawa ana soke lasisinsa ya koma koyo. Fom ɗin neman biza kuma yana tambaya game da hukuncin laifin tuƙi, don haka kuskuren wata uku da zuwa na iya biyo mutum har ranar da zai nemi sabunta zamansa. A ƙara da cewa ana tuƙi ta hagu, a shataletale ana ba wanda ya taho daga dama hanya, allunan gudu da mil aka rubuta su, kuma layukan bas da na tiram suna da kyamara da ke aiko da tara ta gidan waya. Idan ya shiga tsakiyar Birmingham da motar da ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba zai biya fam 8 a rana, a Landan fam 12.50. Mai fetur da ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 4 ta tsira, mai dizal sai ta kai Euro 6, kuma nan ne tsofaffin motocin dizal masu arha ke kama mutane.

Hukuncin wannan lamari, da abin da zai sauya shi

Ga wannan ɗalibi, shawararmu kada ya saya. Tafiya ɗaya ce ta lalace, tasi na gyara ta da ƙasa da rabin kuɗin mota, zamansa gajere ne, kuma kuɗin da zai daskare a cikin motar yana da wurin da ya fi buƙatarsu.

Amsar za ta juya idan abubuwa suka sauya. Ɗalibar aikin jinya da ake tura ta asibitocin wajen gari tana fara aiki ƙarfe 7 na safe sau huɗu a mako ta riga ta haye adadin tasin da muka fitar. Ɗalibin digiri na uku da zai yi shekara uku ko huɗu, wanda har yanzu yake da damar zuwa da iyali, asarar darajar motarsa za ta rabu a kan shekaru, inshorarsa za ta riƙa sauka bayan ya ci jarrabawa, kuma kai yara makaranta da asibiti na ƙara yawan tafiyar da ke neman mota. Ƙasa ma tana sauya lissafi. A garuruwan Amurka da yawa da ke wajen manyan birane bas ba ta da yawa, kuma kowace jiha da dokar lasisinta. A Jamus kuwa lasisin da ba na Tarayyar Turai ba wata shida kawai yake aiki, ɗalibai da yawa kuma suna samun tikitin bas da jiragen yanki a cikin kuɗin zangon karatu.

Idan lamarin ya juya har saye ya zama dole, tsarin matakan yana da muhimmanci. A nemi farashin inshora da lambar ainihin motar kafin a biya ko kwabo, domin mota biyu masu farashi ɗaya kan bambanta nesa a inshora. A shigar da lambar a shafin gwamnati na tarihin MOT, kyauta ne: zai nuna nisan tafiyar da aka rubuta kowace shekara da gargaɗin da masu gwaji suka yi. Idan adadin nisan ya ragu daga wata shekara zuwa ta gaba, an taɓa mitar. Idan gargaɗin tsatsa na maimaituwa, a bar ta. A biya ɗan kuɗi a bincika ko akwai bashin da ke kanta ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ta lalace. A je gidan mai sayarwa, a ga adireshin ya yi daidai da na takardar V5C, lambar jikin motar ma haka. A taɓa injin a tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye aibi. A tambayi takardar sauya bel. Mai gajerun tafiye-tafiye ya guji dizal, matatar hayaƙinta na toshewa idan ba a yin doguwar tafiya. Saye a hannun dillali mai rajista ya fi tsada, amma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da mota idan an sami aibi, abin da babu shi a ciniki tsakanin mutum da mutum.

Shi kuma ɗalibinmu, idan yana da niyyar tsayawa bayan karatu, akwai abin da ya kamata ya yi duk da bai sayi mota ba. Ya nemi lasisin koyo tun cikin hunturu, ya karanta littafin dokokin titi, ya shiga jarrabawar kwamfuta da zarar kwana 185 sun cika a Maris, ya kama ranar gwajin titi a ranar da sakamako ya fito. Sakamakon na kwamfuta shekara biyu yake aiki. Kafin gwajin ya biya malamin tuƙi mai rajista na 'yan awanni ya gyara masa ɗabi'un madubi da shataletale, kuma da motar malamin zai shiga gwajin, ba sai yana da tasa ba.